Abin hannun hana amai da ƙwayar farmasi: abin da muka gani daga Damagaram har cikin teku

Ƴata ta fari shekararta 11 yanzu, kuma tun tana da shekara 3 ban taɓa fita garin Damagaram da ita a mota ba sai da leda biyu ko uku a jakata da ɗan tsumma da ruwa a gora. Miryan nan da ba ta kai kilomita 20 ba, kafin mu isa ta yi amai. In Kano za mu kuwa tun kafin Matamai an gama, sauran hanyar a kwance take bisa cinyata jiki duk ya saki. Na ma haddace alamun, sai ka ga yarinya mai surutu ta yi tsit, ta fara hamma a jere, tana ta haɗiyar miyau, goshinta ya tsattsafo da gumi mai sanyi, leɓenta ya yi fari, to daga nan minti 5 ba ta ƙarawa. Ba abin da mutane suka faɗa mini da ban gwada ba, lemun tsami a hanci, kanumfari a baki, har shimfiɗa takarda ta zauna a kai mun yi, wani lokaci a ɗan samu sauƙi wani lokaci kamar ma ba a yi ba.

Shi ya sa ranar da ƙanin maigidana da ke aiki a Dakar ya kira ya ce mu zo gaba ɗaya a hutun Disamba har da Hajiya mahaifiyarsu, a je a ga jaririnsu a kuma gaida surukai, murna ta zo mini tare da fargaba. Don matar tasa ƴar Ziginshor ce, can kudancin Senegal a yankin Kazamans, a gidan iyayenta ta haihu, kuma ya ce ya fi so mu shiga jirgin ruwa daga Dakar maimakon mota da za ta ratsa Gambiya, wai yara su ga teku. Jirgin da dare yake tashi sai washegari da hantsi ya isa, wajen awa 15 ke nan, kuma mafi yawansu a cikin teku ne sosai ba kogi ba. Mu da babban ruwan da yarana suka taɓa gani shi ne tafkin Gidimuni. Na ce masa to Tonton ka san halin ƴarka da mota, ya ce Anti akwai magani akwai kuma wani abin hannu da ake sawa, ki nema tun daga nan ku gwada.

Abin da na saya kashi biyu ne kuma a kansu zan yi magana.

Na farko ƙwaya da siro, wato maganin ruwa na yara, a farmasi nan cikin gari na same su. Na biyu abin hannun, shi kam na zaga farmasi uku ban samu ba sai wata ƴar uwata ta saya a Yamai ta sa mini a kar, wato babbar motar fasinja, jikka 5 kowane kwali, kwali ɗaya guda biyu ne a ciki don hannu biyu ake sawa ba ɗaya ba. Kamanninsa kamar an yanko bakin safa, zare ne mai talewa, da wani ɗan maɓallin roba mai tauri a tsakiya kamar rabin gujiya. Ba magani a jikinsa ko kaɗan, ba batir, ba ƙamshi, dannawa ce kawai. Yadda ake sawa, ka buɗe tafin hannunka sama, ka jera yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu, inda yatsa na uku ya ƙare a tsakanin jijiyoyi biyun nan da ke fitowa in ka dunƙule hannu, nan maɓallin zai zauna. Daga maganin gargajiyar ƴan Sin abin ya samo asali, su suke kiran wurin Neiguan, a takardar kwalin kuma P6 aka rubuta. Na yara daban ne da na manya, ku kula da wannan, don in ya yi sako-sako ba abin da yake dannawa. Kuma da yatsun mai sawa ake aunawa, na yaro da yatsunsa ba da naki ba.

Madam ɗin farmasin nan Allah ya saka mata da alheri, don ba miƙo mini ta yi kawai ta karɓi kuɗi ba. Tambaya ta farko da ta yi mini ita ce su wa za su sha, na lissafa mata, ni da maigida da Hajiya da yara uku. Ta dubi goyona ta ce Madam kina shayarwa ne, na ce eh auta shekararsa 1 da wata 4 ban yaye ba. Ta ce to ke ki bar shi, yana bi ta nono ya sa yaro barci ko ya hana shi sukuni, kuma yana iya rage ruwan nonon. Auta kuma ta ce ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, kuma da wuya ma ki ga irinsu suna amai don tafiya, abin ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Da na ce Hajiya tana ɗiga maganin hawan jinin ido kullum sai ta ɗaga hannu ta ce a'a, ita kam kar ta sha sai likitan idonta ya yarda, irin wannan magani yana iya tayar da ciwon. Haka ma tsoho mai wahalar fitsari irin ta furostat, da mai ciki, duk sai an tambayi likita. Kun ga ke nan cikin mu shida mutum uku kaɗai ya halatta wa, ni da Hajiya dole abin hannu muka dogara da shi, shi ya sa ma na samu damar ganin bambancinsu da idona.

Sinadarin da ke cikin ƙwayar sunansa dimenhidirinat, miligiram 50 kowace ƙwaya. Sunayen kwali suna da yawa, a farmasin ƙasashenmu masu Faransanci za ka ji Mercalm wanda aka haɗa masa ɗan kafeyin, da Nausicalm da ke da siro na yara, a Amurka kuma Dramamine suke cewa, akwai kuma Nautamine wanda sinadarinsa ɗan uwan wannan ne. Tsohon magani ne fa. A 1947 likitoci a asibitin Johns Hopkins na Amurka suna gwada shi don borin jini, sai wata mata mai ciki da ke fama da amai in ta shiga abin hawa ta ce musu tunda ta fara sha abin ya bar ta, a 1948 aka gwada shi ga sojoji a jirgin ruwa daga New York zuwa Jamus, daga nan ya bazu duniya. Dangin maganin mura da ƙaiƙayi ne irin na da, masu sa barci. Sabbin da ba su sa barci irin su setirizin da loratadin ba su yi wa amai na tafiya komai, don ba su shiga ƙwaƙwalwa sosai, kar wani ya ce maka ai duk ɗaya ne. Kuma dan Allah a farmasi za a saya, kar a saya wajen masu yawo da magani a tire cikin ranar Damagaram, ba ka san me ke ciki ba balle kwanan watansa.

Ita ce kuma ta fahimtar da ni abin da ke kawo aman, wanda ni duk shekarun nan na ɗauka daga ciki ne ko warin mai. Ashe daga kunne ne. Can cikin kunne akwai wasu ƴan bututu guda 3 masu lanƙwasa da ruwa a cikinsu, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ka karkata ko ka juya. To in kana cikin ɗakin jirgi ido yana ganin bango da gado a tsaye cik ba motsi, kunne kuma yana cewa ana lilo da kai, labari biyu sun saɓa, ƙwaƙwalwa ta rikice, sai jiri da tashin zuciya. Shi ya sa direba bai cika amai ba, shi yana ganin hanya ya san kwanar da ke tafe, kuma shi ya sa duba waya ko karatu a mota ya fi komai tayar da abin. Wari da zafi da abinci mai maiƙo ƙara wa wuta fetur suke yi amma ba su ne tushen ba. Wallahi wannan bayanin kaɗai ya sauya yadda nake zaunar da yarinyar nan a mota.

Gwajin farko a kar muka yi, Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, a tashi kafin asuba a isa da dare. Na yi niyya na fara da abin hannun shi kaɗai don in san gaskiyarsa, na sa mata tun a gida, ƙaninta mai shekara 7 ya ce shi ma sai an sa masa agogon, haka suka raɗa masa suna. Ta wuce Takeita lafiya, abin da ba ta taɓa yi ba, har na fara hamdala a zuciyata. Kusa da Tasawa sai na ga hammar nan ta fara. Ba ta yi amai ba amma ta ce Mama kaina yana juyawa, ta jingina ta rufe ido. Da muka tsaya Maraɗi na ba ta ƙwaya daidai yadda aka rubuta mini, ta ci ɗan burodi, kafin mu bar gari da nisa barci ya ɗauke ta, Madawa da Konni duk ba ta san an wuce ba. Wajen Dogon Dutsi ta farka ta sha ruwa ta ci biskit tana kallon waje. Ledata haka ta isa Yamai a naɗe. Tun da na haife ta ban taɓa ganin haka ba, na kira mahaifiyata a daren nan na gaya mata, ita ma sai da ta ce kai Alhamdulillahi.

Daga Yamai jirgin sama muka shiga zuwa Dakar, wannan ba wanda ya samu matsala. Kwana biyu da isarmu Tonton ɗinsu ya kai mu tsibirin Gore a ƙaramin jirgi, minti 20 ne kawai, kowa lafiya lau, maigida har yana cewa ashe abin ba wani abu ba ne. Kar wannan ya ruɗe ku, minti 20 a bakin gaɓa daban, kwana a tsakiyar teku daban.

Babban jirgin sunansa Aline Sitoé Diatta, sunan wata jaruma ce ƴar Kazamans da ta yi wa Turawan mulkin mallaka tsayin daka, a 2008 ya fara aiki. Hajiya tun a gida ta ji labarin jirgin Joola da ya kife a wannan hanyar a watan Satumba na 2002 mutum fiye da 1,800 suka rasu, Allah ya jiƙansu, don haka da carbi a hannu ta shiga kuma ba ta aje shi ba har muka sauka. Na faɗi wannan ne don tsoro shi ma yana ƙara tashin zuciya, in kuna da tsoho a tafiya ku kwantar masa da hankali tun a ƙasa, ku nuna masa rigunan ceto da ma'aikata ya ga akwai tsari. Mu mata da yara ɗaki mai gado 4 aka kama mana, maza biyu kuma a ɗakin kujeru.

Yara na ba su maganinsu awa ɗaya kafin a tashi, ita babbar na ba ta ƙwaya, na tsakiya siro da ɗan cokalin awon da ke cikin kwali. Na miƙa wa maigida tasa ya ce Maman yara bar shi, ni da nake zuwa Agadas da Difa ban taɓa amai a mota ba. Na ce Abban yara ruwa ba hanya ba ne, ya ce in na ji wani abu zan sha. Na sa masa a aljihun riga na ƙyale shi.

Farkon tashi daɗi, fitilun Dakar suna nisa a hankali, iska mai sanyi, yara suna ta nuna abubuwa. Da muka fita daga inuwar gari sai na ji ƙasa ta fara tafiya ƙarƙashin ƙafata. Ba irin girgizar mota ba ce mai kaɗa haƙora, wannan a hankali yake ɗaga ka sama kamar ana ɗaukar ka a faifai, ya tsaya kaɗan, sannan ya sake ka ƙasa cikinka ya biyo baya, ya kuma karkata gefe, haka ba hutu. Labulen gado yana matsowa yana komawa shi kaɗai. Gorar ruwa ta gangaro daga wannan bango zuwa wancan. Yara kam tuni sun yi barci, auta ya sha nono shi ma ya bi su, lilon ma kamar daɗi yake masa.

Ni da abin hannuna biyu daram, na auna da yatsu na sake aunawa. Gaskiyar magana wajen ƙarfe 11 na dare zuciyata ta fara tashi, miyau ya cika mini baki, kaina ya yi nauyi kamar na ɗora tulu. Na danna maɓallin da babban yatsa kamar yadda takarda ta ce, minti biyu wannan hannu minti biyu wancan, na ji kamar ya ɗan lafa, bayan ɗan lokaci ya dawo. Abin da ya cece ni shi ne kwanciya rigingine na rufe ido ban motsa kai ba, da citta da na daka tun a gida na haɗa da ɗan sukari ina lasa kaɗan kaɗan. Sau ɗaya na yi amai wajen ƙarfe 1, bayan nan na samu barci. To abin hannun ya rage ko bai rage ba? A jikina na ji ya rage kaifin abin amma bai hana ba, iyakar abin da zan shaida ke nan. Masu bincike ma da suka gwada shi a kan amai na tafiya sakamakonsu bai zo ɗaya ba, wasu sun ga amfani wasu sun ga daidai yake da wanda aka sa ba a kan jijiyar ba.

Hajiya kuwa abin mamaki, ko gezau. Ta kwanta a gadon ƙasa da abin hannunta da carbinta, ta ce ƴar nan ni dai kaina ya ɗan yi nauyi amma cikina lafiya. Har yau ta yarda ɗari bisa ɗari abin nan ne ya yi mata aiki kuma ban taɓa yi mata gardama ba, ko da yake an san tsofaffi abin bai cika kama su kamar yara da mata matasa ba, kuma ita tun da aka tashi ba ta ɗaga kai daga matashi ba sai don salla.

Maganar salla ta tuna mini da abin da ba a rubuta a kwali ba kuma ya shafe mu. Alwala. Dole ka cire shi ko ka ture shi sama don ruwa ya taɓa hannu har gwiwa, in ka bar shi ya jiƙe ya daɗe bai bushe ba yana ƙaiƙayi, in ka cire kuma sai ka sake neman wurin, ga jirgi yana lilo ga tsohuwa idonta ba ƙarfi. Dabarar da na yi a dawowa, na ɗiga mata ɗan lalle daidai wurin a hannu biyu tun kwana ɗaya kafin tafiya, in ta gama alwala ta goge hannu sai ta mayar da maɓallin bisa ɗigon, shi ke nan. Biro ma yana yi amma yana gogewa. Sannan yana barin shaida, ɗan rami ja a fata, in ka cire bayan awanni, ba ciwo ba ne yana ɓacewa, sai dai mai kumburin hannu ko mai ƙiba ya nemi wanda ba zai matse shi da yawa ba, in yatsu suka fara tsami a cire a huta.

Maigida kuwa a daren nan ido ya raina fata. Ƙaninsa ya ba ni labari da safe, wai wajen tsakar dare ya ga Yaya ya yi shiru yana gumi, ya laluba aljihu ya haɗiye ƙwayar, ko minti 10 ba a yi ba ta dawo tare da abincin dare. In tashin zuciya ya riga ya fara ciki ba ya tura abin da ke cikinsa gaba yadda ya kamata, ƙwayar tana nan zaune ba ta shiga jini ba har a amayar da ita. Haka ya kwana tsakanin kujera da bayi, da asuba ƙanin ya fito da shi sama inda iska take ya ce ya kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, a nan ya ɗan dawo hayyacinsa. Na tausaya masa ƙwarai, mutum mai ƙarfi ya koma ko magana ba ya iyawa, kuma yini guda bayan mun sauka bai iya cin abin kirki ba a gidan surukai ga abinci an jera mana. Sai ruwan gishiri da sukari na haɗa masa yana kurɓa.

Ni ma na yi nawa kuskuren a kan babbar. Ƙwayar nan awa 4 zuwa 6 take aiki, tafiya kuma awa 15, ban yi wannan lissafin ba. Wajen ƙarfe 3 na dare ta farka ta ce Mama zuciyata, na ba ta ta biyu da ɗan ruwa kaɗan na ce ta kwanta kar ta motsa, Allah ya taimaka ta zauna mata don abin bai yi nisa ba. Ku tambayi mai farmasi tun farko sau nawa yaro zai iya sha a yini da tazarar da za a bari, ku rubuta a jikin kwalin, ku sa ƙararrawa a waya.

Da gari ya waye muka shiga bakin kogin Kazamans komai ya tsaya cak kamar an kashe inji. Jirgi ya tsaya tsibirin Karaban, ruwa shimfiɗe, itatuwa kore shar a cikin ruwa, yara suka ga manyan dabbobin ruwan nan dolfin suna tsalle kusa da jirgi suna ta ihu. Babbar tana tsaye ta riƙe ƙarfe tana dariya da bakinta a bushe don maganin yana busar da baki, amma tana dariya, a cikin abin hawa. Hawaye ne suka zo mini.

A dawowa mun riga mun koyi darasi. Daga Ziginshor da rana ake tashi kuma awannin farko duk a kogi ne ba lilo, saboda haka ban ba su magani a tasha ba don kar ƙarfinsa ya ƙare a banza, sai da muka kusa Karaban, saura kamar awa ɗaya a fita teku, yaran biyu suka sha har da maigida wanda wannan karon shi ya fara tambaya. Abinci mai sauƙi muka ci, shinkafa ba mai da yawa da burodi, ba a tafi da ciki wayam ba kuma ba a cika shi ba. Na karɓe wayoyi duka. Tekun ya fi na zuwa haushi a daren nan, amma cikin masu shan magani ba wanda ya yi amai, maigida ya yi barci a kujera har sai da ƙaninsa ya tashe shi sallar asuba da kyar. Barcin nan shi ne kuɗin da ake biya, yana da nauyi, kuma yana bin mutum har washegari, wanda zai tuƙa mota ko babur bayan sauka kar ya sha ko ya nemi wanda zai tuƙa. Wasu yaran kuma juyewa yake yi musu, maimakon barci sai rigima da rashin zama, shi ya sa gwadawa a gida kafin ranar tafiya yake da kyau. Ni kuma da abin hannuna da cittata na zauna a sama a tsakiyar jirgi inda lilo ya fi sauƙi har duhu ya yi ina kallon nesa, sannan na sauka na kwanta. Na ji jiri, ban yi amai ba.

Akwai wani da Tonton ya ba mu labari ba mu yi amfani da shi ba, ɗan filasta ne da ake mannawa bayan kunne awanni kafin tafiya yana aiki har kwana 3, masu doguwar tafiya a manyan jiragen shaƙatawa suna amfani da shi. Sinadarinsa sikofolamin, kuma ku ji, irin wanda ke cikin zaƙami ne, haukata yaron nan da muka sani a bayan gari, sai dai an auna shi ɗan mitsitsi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba abin wasa ba ne, sai da takardar likita, ba na yara ba ne, mai hawan jinin ido ba ya sawa, yana busar da baki yana sa gani dishi-dishi, in ka taɓa shi ka wanke hannu kafin ka taɓa ido. Akwai kuma mekilizin da ke daɗewa a jiki har kusan yini guda, shi ma na manya ne. Masu kwanaki a teku an ce bayan kwana 2 ko 3 jiki yana sabawa da kansa, mu dai dare ɗaya ne ba mu kai nan ba. Abin da muka samu shi ne bayan sauka, kwana guda ina jin ƙasa tana lilo da ni in na tsaya salla, Hajiya ma haka, ya wuce da kansa.

To in kuka tambaye ni wanne zan ce a saya. Yaron da kuka san yana amai sosai irin tawa, ƙwaya ko siro, a sha kafin a shiga, abin hannu shi kaɗai ba zai riƙe shi a teku ba kuma ba na so wata uwa ta dogara da shi ta sha wahalar da za a iya kauce mata. In maki ne ƙwayar na ba ta 9 cikin 10, ɗayan na cire don barci da bushewar baki. Abin hannu na ba shi 5 a jikina, Hajiya in an tambaye ta 10 za ta ce. Amma ban yi da-na-sanin jikka 5 ɗina ba ko kaɗan, don mai shayarwa da mai ciwon ido da duk wanda aka hana magani ba shi da wani abu a hannu sai shi da citta da kwanciya, ba ya sa barci, ba ya karo da wani magani, ana wanke shi da sabulu a shanya a sake sawa, namu har yanzu bai saki ba. Ana kuma iya haɗa su biyun, haka nake yi wa babbar yanzu, gajeriyar tafiya abin hannu da kujerar gaba kusa da taga, doguwa kuma a ƙara da ƙwaya.

Satin da ya wuce muka je Mirya gaisuwar rasuwa, ban ba ta komai ba sai agogon nata, ta zauna gaba tana kallon hanya, muka je muka dawo lafiya. Hajiya kuma nata yana cikin jakar carbinta, ɗigon lallen ya goge tuni amma ta ce in sake yi mata kafin salla don za ta Magarya wajen ƙanwarta.